Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnonin Arewa 19: wane aiki muka tanadar wa 'yan aji ɗayan bana?

Masu girma Gwamnoni,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da jama'a suka ɗora muku. Ni tsohon malamin makaranta ne, na gama aikina a wata kwalejin koyon sana'a ta gwamnati. Ina magana ne da yawun abokan aikina da suka ajiye alli, da iyayen da har yanzu suke tare mu a hanya suna tambayar inda za su sa 'ya'yansu, da ɗalibanmu na da waɗanda yau suke zaune a gida da takardu a hannu babu aikin yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ina fatan za ku karanta da zuciyar da aka rubuta ta.

A ƙarshen watan Oktoba na 2024 kun haɗu a Kaduna tare da sarakunanmu, kuka yi magana da murya ɗaya a kan ƙudirin gyaran haraji, musamman yadda za a raba kuɗin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da ake saye. Muryar ta kai Abuja, kuma an saurare ta. Daga nan muka gane cewa in kun ga dama, wuni ɗaya ya ishe ku ku haɗa kai. A daidai lokacin kuma yawancin Arewa tana cikin duhu, saboda an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta Makurdi zuwa Jos shi ma ya samu matsala. Masu walda sun rufe shaguna, masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun zauna, asibitoci sun koma kan janareta. Tun daga lokacin muke jira mu ga kun yi irin wannan haɗin kai a kan tambayar da ta fi rabon kuɗi girma: me Arewa za ta riƙa samarwa nan da shekara 25, su wa za su samar da shi, kuma wace makaranta ce za ta horar da su? Kasafin kuɗi ya zo ya wuce, an yi taruka an fitar da sanarwar bayan taro, amma amsar wannan tambaya ba ta fito ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaron da aka kai aji ɗaya bana yana da shekara shida. Nan da shekara 12 zai gama sakandare in Allah ya sa ya daure, a 2050 kuma zai kasance magidanci ɗan kimanin shekara 30 da iyali a wuyansa. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a wannan shekarar 'yan Najeriya za su haura miliyan 350, kuma kowa ya san a wane ɓangare aka fi haihuwa. Wa'adinku shekara huɗu ne, in ya yi tsawo takwas. Tsakanin ajin wannan yaro da ranar da zai nemi abin da zai ciyar da iyalinsa, kowace jiha za ta yi gwamna uku ko huɗu, wata ma fiye. In kowanne ya zo ya yar da na wanda ya gada ya soma nasa, kamar yadda muka saba gani, to babu wanda ya ɗauki alhakin yaron nan daga farko har ƙarshe.

Ƙorafinmu na farko ke nan: tsari ba ya tsallake wa'adin mai shi. A matakin tarayya mun ga Vision 2010 na zamanin Abacha, mun ga NEEDS na 2004, mun ga Vision 20:2020, mun ga ERGP na 2017, ga kuma Agenda 2050 da aka ƙaddamar a 2023. Takardu ne masu kyau, masana sun sha wahala a kansu, amma ku tambayi shugaban kowace makarantar firamare ko ya taɓa ganin guda a cikinsu ta sauya wani abu a ajinsa. Ban manta cewa wasunku sun yi ƙoƙari ba. Borno ta fitar da tsarin shekara 25 a 2020, Gombe tana da na shekara goma daga 2021 zuwa 2030, wannan abin yabo ne. Sai dai matsalolinmu ba su san iyakar jiha ba. Almajirin da aka ɗauko daga Katsina a Kano yake bara. Ruwan da aka tare a Tiga shi ne manomin Haɗeja da masuncin Nguru suke jira. Ɗan bindigar da aka kora daga dajin Zamfara a Neja ko Kebbi yake ɓulla. Jihohin Kudu maso Yamma shida sun kafa hukumar DAWN tun 2013, tana da ofis a Ibadan da ma'aikata na dindindin da suke tsara wa yankin gaba ko wace jam'iyya ce a kan mulki. Legas ma ta fitar da nata tsarin na shekara 30 har zuwa 2052. Mu jihohi 19 da muka gaji gwamnati ɗaya da babban birni ɗaya, me muke da shi irin wannan?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun taɓa iyawa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna domin audugar Funtuwa da Gusau ta zama yadi a gida. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta shiga ƙarƙashinta domin manomi ya sami iri, ga kwalejin fasaha ta Kaduna tana fitar da masu kula da injuna, ga Bankin Arewa da kamfanin NNDC na kuɗin jari. Waɗanda suka tsara wannan sun haɗa gona da masana'anta da makaranta da banki a tunani ɗaya. Gwamnan Kano Audu Bako ya gina madatsar Tiga a farkon shekarun 1970, bai ci moriyarta ba, amma yau Kura da Bunkure da Garun Malam da ita suke noma rani da damina. A 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa saboda ta lura ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan jiha. Ku je manyan asibitocin Arewa ku tambayi likitocin da suka manyanta inda suka yi sakandare, za ku sha jin sunan Dawaki. Shawara ce da aka yanke sau ɗaya, gwamnatoci suka yi ta zuwa suna tafiya ba su kashe ta ba, sai ta haifi abin da ake so.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, shi ne halin da firamare take ciki. An daɗe ana ambaton alƙaluman yaran da ba sa zuwa makaranta: UNICEF ta yi shekaru tana cewa miliyan 10.5, UNESCO a 2022 ta ce sun kai kimanin miliyan 20 in an haɗa da 'yan sakandare, kuma mafi yawansu namu ne. Wannan kowa ya haddace. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin waɗanda suke cikin ajin. Bayan na yi ritaya an sa ni cikin kwamitin iyaye na wata firamare a unguwarmu. Na shiga aji biyar, yara sun fi ɗari a ƙasa a kan siminti da ya farfashe, waɗanda ke baya ba sa ko hango allo. Malama ɗaya ce, muryarta ta dushe tun kafin tara. Na rubuta "Audu ya tafi gona da safe" a allo, na ce wa zai karanta. Waɗanda suka iya ba su cika hannu biyu ba. Wani yaro mai tsafta, littafinsa cike da rubutun Turanci da ya kwafa daidai wa daida, ya tsaya yana kallon jimlar har idonsa ya kawo ruwa. Shekara biyar uwarsa tana wanke masa riga tana ba shi kuɗin tara. In gobe mahaifinsa ya cire shi ya kai shi kasuwa, da wane baki za mu ce ya yi laifi?

Wannan yaro a lissafin gwamnati yana makaranta, an ƙidaya shi cikin nasarori. Shi ya sa nake ganin ƙidayar masu rajista kaɗai yaudarar kai ce. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa. An yi ta jayayya a kan korar da ta biyo baya, kuma ni ma ina da ra'ayina, amma tambayar da ya kamata ta hana mu barci ita ce: wa ya horar da su, wa ya ɗauke su aiki, kuma in aka yi irin jarrabawar a sauran jihohi 18 me za a gani? Mun rufe makarantun horon malamai na da, waɗanda suke ɗaukar yaro tun yana ƙarami su yi shekara biyar suna koya masa riƙon aji. Muka mai da kwalejojin ilimi wurin da ake tura wanda bai sami jami'a ba. Muka mai da takardar ɗaukar malami kyautar da ake raba wa 'yan siyasa. Sannan muka bar albashin malamin firamare a matsayin da ba zai kai shi tsakiyar wata ba, har ya zama da an tashi makaranta sai ya hau acaɓa. Mai hazaƙa ba zai zaɓi wannan aiki ba, wanda ya shiga kuma yana neman ƙofar fita.

Akwai kuma kuɗin da ke jiranku. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin tushe, da sharaɗin jiha ta ajiye nata rabin ta ɗauki rabin. Shekara da shekaru hukumar UBEC mai kula da wannan kuɗi tana kukan biliyoyin naira suna kwance saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba, kuma akwai jihohin Arewa a jerin. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, abin da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Talaka ne ya biya wannan ƙarin da tsadar mota da ta abinci. Yana da haƙƙin ya tambaya me ya sa gadar sama take samun kuɗi a kan kari, rufin ajin ɗansa kuma yake jiran wata damina.

Game da harshen koyarwa, shirye-shiryen koyon karatu da Hausa irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun nuna abin da kowane tsohon malami ya sani: yaro ya fi saurin iya karatu da harshen da yake magana da shi, daga nan kuma Turanci ya zo masa da sauƙi. Amma kuɗin 'yan waje ne ya ɗauki nauyinsu. In wa'adin mai bayarwa ya cika, littattafan sukan ƙare a kabad ɗin shugaban makaranta. Abin da ya yi aiki ya kamata ya shiga kasafin jiha, a yi wa Kanuri da Fulfulde da Tibi da Nufanci da sauran harsunanmu irinsa.

Batun almajirai ya nuna ciwon namu a fili. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, aka miƙa wa jihohi. Da yawa sun lalace ko an mai da su wani abu daban, domin ba a tanadi abinci da albashi ba, kuma ba a zauna da alarammomi tun farko ba. A 2020, lokacin korona, aka yi ta lodin yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, kafin shekara ta zagayo sun dawo. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Hukuma a Abuja ba za ta san yawan tsangayun da ke wata gunduma a Jigawa ba, dagaci da mai unguwa su suka sani. Mahaifin da ya tura ɗansa gabas yana son ɗan ya sami Alƙur'ani, wannan buri ne mai daraja, kuma sau da yawa babu makarantar kirki a ƙauyensa, rumbunsa ma ba zai kai shi kaka ba. Sai an taɓa waɗannan dalilai sannan bara za ta ragu.

Ba zan wuce ban ambaci tsoro ba. Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Kagara da Jangebe da Tegina da Yawuri a 2021, Kuriga a 2024. Kowane hari ya rufe makarantun da ba a kai wa hari ba, kuma 'ya mace ce ta fara zama a gida. Yarinyar da ba ta gama sakandare ba ba za ta zama ungozoma ko likitar mata ba, alhali mu ne muka fi kowa son mace ta duba matanmu a asibiti.

Na uku shi ne makaranta ta rabu da aiki. A kwalejin da na koyar muna da injin gyaran ƙarfe tun na zamanin da, ya shekara da shekaru a lulluɓe da ƙura saboda babu wuta, babu kayan gyara, babu ƙarfen da za a yi gwaji da shi. Yara suna zana injin a littafi, su haddace sunayen sassansa, su ci jarrabawa, ba su taɓa jin ƙararsa ba. A waje kuma, a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna, yaran da ba su gama firamare ba suna ƙera injin casar masara da na markaɗe da ƙofofin ƙarfe, amma ba su da takardar da za ta ba su kwangila ko rancen banki, kuma ba su iya karanta zanen injiniya ba. Mai takarda ba hannu, mai hannu ba takarda. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke nan Kaduna tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga irin waɗannan masu sana'a, an ma fara gwada shi da 'yan Panteka. Jihohi nawa ne suka rungume shi da gaske? Abin da muka fi gani shi ne taron raba keken ɗinki da baro da Keke Napep gaban 'yan jarida, wanda rabinsu ake sayarwa kafin magariba.

Koyar da sana'a ma ba ta da amfani in babu inda za a yi ta. Ina da dangi a Kakuri ta Kaduna, na san unguwar lokacin da in an tashi daga aiki kekuna suke cika titi, mai abinci da mai hayar ɗaki da tela duk suna ci daga albashin masaƙa. A shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura ɗari, kuma babu masana'antar da ta kai su ɗaukar ma'aikata. Aka rushe hukumar auduga a 1986, iri ya gurɓace, wuta ta tabarbare, man injin ya yi tsada, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, haka Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Yau Kantin Kwari tana cikin manyan kasuwannin yadi na Afirka ta Yamma, amma mafi yawan abin da ke cikinta daga Sin aka kawo. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin ta zama ɗaya daga cikin manyan masu noman auduga a Afirka, ta kuma gina yankin masana'antu a Glo-Djigbé inda ake mai da audugar riga ana fitarwa waje. Ba su fi mu ƙasa ba, ba su fi mu mutane ba.

Haka labarin yake ko'ina ka duba. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun zamanin fatake, har yau kuma muna jeme ta mu tura Italiya da Sifaniya, su ɗinka jaka da takalmi su ci ribar. Riɗi da zoɓo da citta suna fita daga Dawanau a buhu. A Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir na ga manomi ya tsaya kan kwandunansa har rana ta yi tsaka, dillali ya taya kuɗin da bai kai na kwando da na mota ba, ruwan tumatirin yana tsiyaya ta ƙasa, daga ƙarshe ya sayar a haka don kada ya koma da shi. Bayan wata uku kuma matarsa za ta sayi tumatirin gwangwani. Kamfanin sarrafa tumatir da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya sha tsayawa, wani lokaci don tsutsa ta cinye gonaki, wani lokaci don ba a daidaita da manoma a kan farashi ba. Shanu a wurinmu suke, amma ƙasar tana kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara wajen shigo da madara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin dubban matasa ne muke lodawa a mota muna turawa wani wuri. Ba mamaki da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin ɗari a Arewa suke.

Duk wannan kuma ya rataya ne a kan wuta. Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru duk a Arewa suke, ga rana da Allah ya hore mana fiye da kowane yanki, amma layi ɗaya ya yanke mun kwana a duhu. Gyaran tsarin mulki da Dokar Lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kansu, don haka yanzu ba za a ce sai Abuja ba. Ga bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka soma a 2020, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka soma a 2021. Ranar da suka kammala, wace masana'anta ce za ta ja gas ɗin, wane kaya jirgin zai ɗauka, kuma su wa muka horar su yi aikin? In ba mu shirya ba, jirgin zai zo mana da kayan wasu ya koma wayam. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu ita ce ƙasar da za mu bar wa yaran. Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ragu ƙwarai, kuma mun ga abin da rashin abin yi ya haifar a gaɓarsa. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ta cinye Maiduguri, ta tuna mana cewa madatsun da muka gada suna tsufa kuma suna cikewa da yashi. Burtali da makiyayar da dokar 1965 ta tanada an nome su ko an yanka filaye. Buhunan gawayi kuma kullum suna kan hanyar birni. A nan ina roƙonku ku leƙa Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma a can suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su sassabe shi, gwamnati kuma ta sakar musu ikon itacen da suka raina. Da wannan dabara gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan biyar, gero ya ƙaru, itacen girki ya samu. Ba su fi mu ruwan sama ba, kuma abin bai ci kuɗi mai yawa ba.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku kafa ofishin tsare-tsare na dindindin na jihohi 19, da ƙwararrun da aka ɗauka bisa cancanta, kowace jiha tana zuba masa kuɗi kai tsaye. Ya fitar da tsarin shekara 25 wanda zai faɗi ƙarara abin da kowane yanki zai sa gaba: auduga da yadi a nan, fata a can, madara da nama, shinkafa da tumatir, doya da waken soya a Binuwai da Nasarawa, ma'adinai a inda suke. Kowace majalisar jiha ta mai da nata kason doka, yadda gwamnan da zai zo ba zai yar da shi ba sai ya koma majalisa ya faɗi dalili a bainar jama'a. Hukumomin raya Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma da Arewa ta Tsakiya su ɗora ayyukansu a kan wannan tsari, kada su zama wata kafar rabon kwangila. A zauna da sarakuna da malaman addinai biyu da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata da masu sana'a kafin a rubuta, a kuma buga shi da harsunan da mutane suke karantawa.

Ku biya kason UBEC gaba ɗaya kafin a taɓa kowane sabon aikin ado a babban birni. Ku sa wa kanku ma'auni ɗaya da kowane uba zai gane: yaro ya iya karatu da lissafi kafin ya gama aji uku. A riƙa gwada yara kowace shekara, a buga sakamakon ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo. Ku cire ɗaukar malamai daga hannun 'yan siyasa, a yi jarrabawa a fili, a ba wanda ya yarda ya zauna a ƙauye gida da ƙarin alawus, a kuma ɗauki yara masu hazaƙa tun daga sakandare a biya musu karatun malanta da alkawarin aiki. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, ku tabbata albashin malamin firamare bai faɗa tsakanin jiha da ƙaramar hukuma ya ɓace ba.

A yi rajistar kowace tsangaya tare da alarammominta, a ba su abinci da malamin karatu da lissafi da sana'a, jihar da yaro ya fito ta ɗauki rabin nauyinsa. A sa makarantar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo kusa da kowace gunduma, mai katanga da banɗaki da ruwa, domin uba ya saki jiki.

Kowace kwalejin sana'a a ba ta wutar sola da kayan aiki, a haɗa ta da kasuwar masu sana'a mafi kusa, ɗalibi ya yi rabin mako a aji rabi a gareji, ogan garejin kuma a ba shi shaida da ɗan alawus na horarwa. Gwamnatocinku su fara zama masu saye: kayan makaranta, takalman ɗalibai, kujerun aji, zanen gadon asibiti, duk a saye su daga masu yi a Arewa da yarjejeniyar shekaru, domin mai jari ya san in ya kafa inji akwai kasuwa. Ku haɗa kuɗi ku samar wa yankunan masana'antu na Kano da Kaduna da Jos da Gombe wutar da ba ta dogara da layi ɗaya ba.

A binciki lafiyar kowace madatsa a buga rahoton, a yashe magudanan noman rani kafin a yi maganar gina sababbi. A tura malaman gona da manoma Maraɗi su gano da idonsu, a kuma yi dokar da za ta ba manomi mallakar itacen da ya raina a gonarsa.

Daga ƙarshe, muna roƙon shugaban ƙungiyarku ya sa wannan batu shi kaɗai a ajandar zama guda, a sanar da ranar, kuma kowace shekara a rana irin ta kowane gwamna ya fito ya gaya wa jama'arsa yara nawa suka iya karatu, malamai nawa aka horar, masana'antu nawa suka tashi, hekta nawa aka shayar. Mu tsofaffin malamai muna nan a kowace ƙaramar hukuma, da yawanmu da sauran ƙarfi, in an kira mu gwajin karatun yara ko horar da sababbin malamai za mu zo.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya yi riƙo da hannayenku.

Wassalam,
Naku,
Tsohon malamin kwalejin sana'a, a madadin abokan aikinsa da iyayen yara.